Makullin Kogon Ige

Ni ke riƙe da makullin kogo,
abin da kakata za ta yi wa dariya har ta riƙe ciki.
Kogo da ƙyaure? Kogo da kwaɗo?
A zamaninta ko akuya ba ta neman izini.

Ige sunanta. Da jijjifi take gangarowa daga Tungar Labbo
da ƙwarya da guntuwar fartanya,
ta kankaro farar ƙasa daga haƙarƙarin dutse,
ta jiƙa, ta shafe ɗaki kafin Salla.
Rabin ɗakunan garinmu daga wannan duhu suka samo haskensu.
Inda take kafa gwiwa har yau akwai ɗan kwarmi.
Ba na nuna wa baƙi shi.

Ubana Nomau ba fari ya kawo shi ba, baƙi ne:
kashin jemage, mangala bayan mangala a kan jaki,
zuwa fadama, gindin albasa,
albasar da in an yanka a Tunga
sai an yi hawaye a Kware.

Sai ga wani malami daga jami'a,
da 'yar guduma da malafa sabuwa.
Ya ƙwanƙwasa bango, ya ɓanɓaro katantanwar dutse,
ya ce, "Nan teku ne a da."
Ubana ya tuna rijiyarmu mai gaba ashirin,
ya ce, "Malam, to wa yas shanye shi?"

Daga nan labari ya yi ƙafa.
Ƙaramar hukuma ta kawo allo, ta kawo fenti,
matakala bakwai ta siminti,
janareta da ƙwan lantarki goma sha biyu,
da ni, da littafin tikiti.
Ranar buɗewa an yanka zare, an sha lemo.
Daren nan jemagu suka fita kamar hayaƙin gobara,
ba su yi wa kowa sallama ba.
Albasar shekarar ta zo kamar ƙwan zabo.

Amma an zo, wallahi an zo!
'Yan makaranta mota-mota, fararen safa na komawa ja,
masu yi wa ƙasa hidima suna ihu don dutse ya amsa,
wata Baturiya da ta zauna awa uku tana zana tsaga ɗaya.
Wani Arzika ya rubuta sunansa da gawayi
a kan kifin da ya girmi sunaye duka.
Mata sun sayar da fura a bakin ƙyaure,
Kulu ta yi rufin kwano da kuɗin dafaffiyar gyaɗa.

Shekara tara. Sai janareta ya yi tari ya yi shiru.
Na kai takarda sakatariya sau huɗu.
Rana ta lashe allon, saura "KOG" da rabin kibiya.
Can yamma, in masu fasa dutse suka tashi nakiya,
gari na zubo mini a hula daga rufin kogo,
kamar ana tankaɗe a sama.

Jiya mutum biyu suka zo, uba da 'yarsa.
Na kai su can ƙurya, na kashe tocila,
na ce su yi shiru.
Ɗis.
Sai an ƙirga arba'in, sannan wani ɗis.
Yarinyar ta ce, "Baba, tekun ne?"
Uban bai amsa ba, ni ma na bar ta da tambayarta.

Da muna fita, wani abu ya shafi kunnena, fir, ya wuce ciki.
Na tsaya da kwaɗon a hannu har aka kira magariba.
Na tura ƙyauren, ban kulle ba.